Likita ta ce abin da ke cikina ba zai rayu ba, dokar Texas kuma ta ɗaure mata hannu

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, shekarata 33, muna zaune a Houston da maigidana shekara shida ke nan. 'Ya'yanmu biyu, duka aiki aka yi mini aka ciro su. Yanzu ina da cikin sati 14, cikin da muka daɗe muna roƙon Allah. Da na je awo satin jiya aka yi mini hoto, likita ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, daga baya ta ce ƙoƙon kan jaririn da mafi yawan ƙwaƙwalwarsa ba su samu ba, ko na haife shi ba zai rayu ba. Na tambaye ta mafita, ta ce da a da ne da ta ba ni zaɓi, amma yanzu doka ta hana ta, sai dai in nemi wata jiha. Maigidana ya ce ba da yawunsa za a taɓa cikin ba. Hajiyata a waya ta ce likita ba Allah ba ne. Wata ƙawata kuma ta ce za ta samo mini ƙwayoyi in sha a gida, kowa ya ɗauka ɓari ne. Ko barci ba na iya yi. Ina tsoron Allah, ina tsoron aiki na uku, ina tsoron a kama ni. Kisan kai ne idan na yarda a cire? Idan kuma na bari, me zai same ni?

Maman biyu, Houston

Wa alaikumussalam ƙanwata. Sannu, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Kafin mu shiga maganar doka da asibiti, ki sauke nauyi ɗaya daga ƙirjinki: ba ke kika jawo wannan ba. Abin da likita ta gani shi ake kira anensefali. Ƙwaƙwalwa da laka daga wani ɗan siririn bututu suke fitowa, wanda yake rufewa cikin kwana 28 na farkon shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. Idan bakinsa na sama bai rufe ba, ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa ba sa ginuwa. Ba ɗaukar kaya ba ne, ba tafiya ba ce, ba wani abinci da kika ci bayan haka ba. Kuma babu tiyata ko magani da ke gyara shi. Wasu jariran suna rasuwa a ciki, waɗanda aka haifa da rai yawancinsu awoyi ne ko 'yan kwanaki.

Maganar Hajiya gaskiya ce, likita ba Allah ba ne, kuma zuciyar uwa ce ta yi magana. Amsar da ta dace da ita ita ce a sake dubawa. A wannan satin ki sa likitarki ta tura ki wurin ƙwararren likitan ciki mai haɗari, wanda a can ake kira MFM, ya yi nasa hoton daban. Wannan lalura tana cikin waɗanda hoto ke nunawa ƙarara tun daga ƙarshen wata na uku, don haka kada ki tafi da sa ran za a ce kuskure ne. Amfanin zuwan shi ne zuciyarki da ta maigidanki su tsaya a kan yaƙini, kuma za ki ga a gaba cewa malamai ma sun sharɗanta shaidar ƙwararru fiye da ɗaya. Ki tafi tare da shi. Ya ga hoton da idonsa, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. A wannan zaman ki sa a duba miki inda mabiyiya ta zauna, domin mai tabon aiki biyu idan mabiyiya ta sauko ƙasa ta hau kan tabon tana iya kama naman mahaifa, kuma hakan yana sauya duk lissafi, ko kin ci gaba da cikin ko kin cire.

Yanzu doka. Ranar 24 ga Yuni 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin Roe na 1973 wanda ya ba mata 'yancin cire ciki a duk faɗin ƙasar, ta mayar wa kowace jiha ikon yin tata dokar. Texas ta riga ta tanadi tata, ta fara aiki ranar 25 ga Agusta 2022. Likitan da ya cire ciki yana iya fuskantar ɗaurin rai da rai, da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, da ƙwace lasisi. Shi ya sa likitarki ta yi miki magana a takaice. Tsoron da take ji na gaske ne. Ƙofa ɗaya aka bari, idan ran uwa yana cikin haɗari ko wata babbar gaɓa ta jikinta za ta nakasa. Ba a ware fyaɗe ba, ba a ware jaririn da ba zai rayu ba. A Disamba 2023 wata mata daga yankin Dallas, ita ma mai 'ya'ya biyu da tabon aiki biyu, ɗauke da jaririyar da likitoci suka ce da wuya ta rayu, ta nemi izini a kotu. Kotun Ƙolin jihar ta hana, sai fita ta yi daga Texas. Na kawo miki wannan ne don kada wani ya ɓata miki makonni da zancen shigar da ƙara. A Yuni 2025 Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a wata doka da ta fayyace cewa ba sai mace ta kai gargara likita zai taimake ta ba, amma ita ma ba ta buɗe ƙofa ga irin halinki ba.

Abin da ya shafi tsoron kamu kuwa, dokar ta faɗi a fili cewa ba a hukunta matar da aka cire wa cikin. Babu kuma dokar jiha da ta hana ki fita wata jiha neman magani, kuma aikin da aka yi a inda doka ta halatta ba laifi ba ne. Akwai wasu ƙananan hukumomi, irin su Lubbock tun Oktoba 2023, da suka ba mutane damar kai ƙarar wanda ya yi jigilar mace ta hanyoyinsu, ita matar ba ta ciki. Idan hankalinki bai kwanta ba kan takardun zama, ƙungiyar lauyoyi ta If/When/How tana da layin shawara kyauta mai suna Repro Legal Helpline, ki kira su kafin ki tashi. Kuma ki riƙe sirrinki. Wannan ba zancen da za a zuba a rukunin WhatsApp na matan unguwa ba ne.

Ƙwayoyin ƙawarki, don Allah ki ce mata a'a. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa. Ƙwayoyin cire ciki, mifepristone da misoprostol, magunguna ne na gaskiya, amma hukumar magunguna ta Amurka zuwa sati 10 ta amince da su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma zuwa sati 12 ta yarda mace ta sha a gida. Ke kin wuce nan. A sati 14 naƙuda ce sosai, mabiyiya tana iya maƙalewa jini ya ɓalle, kuma misoprostol yana matsa mahaifa da ƙarfi, mai tabo biyu tana da haɗarin tsagewar mahaifa fiye da sauran mata. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru mintoci ake ƙirgawa, ba a banɗaki ake son ya same ki ba. Haka duk wani jiƙo ko haɗi da za a aiko miki daga gida. Ban da haka, ɓoye wa maigidanki abu irin wannan rami ne da zai daɗe bai cike ba. Komawa Najeriya ma ba mafita ba ce, dokar Arewa ita ma ceton ran uwa kaɗai ta yarda da shi.

Tambayarki mafi nauyi ita ce ta kisan kai. Fatawa ta malamai ce, amma ya kamata ki shiga wurin malami da sanin abin da aka riga aka faɗa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, mashhurin zance shi ne ba a taɓa ciki tun daga shigarsa, kuma a kan wannan Hajiya da maigidanki suke tsaye, ba jahilci ba ne. Malaman Hanafiyya da dama sun yi rangwame kafin busa rai idan akwai uzuri karɓaɓɓe, suna kafa hujja da hadisin Ibn Mas'ud na kwana arba'in sau uku. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a kan ainihin irin matsalarki. Ta yanke cewa idan kwamitin ƙwararrun likitoci amintattu ya tabbatar da mummunar nakasa wadda ba ta da magani, ya halatta a cire kafin kwana 120 bisa buƙatar iyaye biyu. Bayan kwana 120 kuwa bai halatta ba sai idan ci gaba da cikin zai jefa ran uwa cikin haɗari tabbatacce. Matar da ta bi wannan fatawa ba mai kisan kai ba ce, wadda ta zaɓi riƙe cikin har ƙarshe ita ma ba wauta ta yi ba.

Ga wurin da mutane da yawa ke ruɗewa. Likitoci suna ƙirga sati daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, wato kusan sati biyu kafin cikin ya shiga. Malamai kuwa daga shigar cikin suke ƙirga kwana 120. Kwana 120 sati 17 ne da kwana ɗaya, idan kika ƙara waɗancan biyun ya zama sati 19 da kwana ɗaya a katin asibiti. Kina sati 14, saura miki kamar sati biyar. Ki kai wa malamin wannan lissafin a rubuce tare da rahoton likitoci biyu, da bayanin aikin da aka yi miki sau biyu. Malamin da aka ce masa kawai "mace tana son zubar da ciki" amsarsa daban take da ta wanda aka ajiye masa cikakken bayani. Ku je ku biyu, wurin malamin da maigidanki ya yarda da iliminsa.

Shi maigidan naki, kada ki ɗauke shi abokin faɗa. Shi ma ɗansa ne, kuma maza da yawa baƙin cikinsu da kafewa yake fitowa. Wataƙila a kunnensa "mu bar wa Allah" na nufin akwai sauran fata. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ki ce masa ba umarni kike ƙi ba, kina so ne ya san abin da jikinki zai ɗauka kafin ku yanke. Sannan likita ya faɗa masa dalla-dalla. Mai irin wannan ciki ruwa yakan taru mata fiye da kima a watannin ƙarshe, domin jaririn ba ya haɗiyar ruwan yadda ya kamata, ciki ya yi tsini, numfashi ya yi wuya, bayan haihuwa mahaifar da ta buɗe sosai ta kasa tsukewa jini ya zuba. Naƙuda takan ƙi zuwa da kanta. Mai tabo biyu kuma akwai yiwuwar a kai ga aiki na uku, kowane ƙarin tabo yana ƙara haɗarin mabiyiya ta kama mahaifa a cikin gaba. Yana da haƙƙin a saurare shi. Amma ke ce za a kwantar a kan gadon tiyata, ke ce uwar yara biyu da ke jiran ki dawo, don haka kada muryarki ta zama ta ƙarshe da za a ji.

Idan kuka zaɓi riƙe cikin, ki riƙe shi da shiri. Ki koma awo wurin MFM gaba ɗaya, ki nemi a haɗa ki da sashen da ke kula da iyayen jariran da ba za su daɗe ba, manyan asibitocin Houston suna da shi. Ku rubuta abin da kuke so tun kafin ranar: kada a wahalar da shi da injuna, a sa masa hula, a ɗora miki shi a ƙirji, mahaifinsa ya yi masa kiran salla a kunne ya yi masa huɗuba da sunan da kuka zaɓa. Ku yi magana da masu jana'iza na ƙungiyar Musulmin Houston, Islamic Society of Greater Houston, tun da wuri. Idan babu inshora, shirin CHIP Perinatal yana biyan awo ga masu ƙaramin ƙarfi ba tare da duba takardun zama ba. Kuma duk ranar da faya ta fashe kafin lokaci, ko kika ga jini, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishi, ki tafi sashen gaggawa nan take. Ki tambayi likita kai tsaye ko halin da kike ciki ya shiga ƙofar ceton rai, ki ce a rubuta amsarsa a fayil ɗinki. Idan zuciyar jaririn ta tsaya da kanta, fitar da shi ba zubar da ciki ba ne a dokar Texas, a nan Houston za a yi miki.

Idan kuma cirewa kuka zaɓa, cikin jihohi huɗu da ke iyaka da Texas, New Mexico ce kaɗai ta halatta. Louisiana da Arkansas da Oklahoma duk sun rufe. New Mexico da Colorado ba su sa iyakar sati a doka ba, Kansas zuwa sati 22. Daga Houston zuwa Albuquerque ta jihar New Mexico kamar awa biyu ne a jirgi, a mota kuwa ya kai awa 13, ga shingen jami'an kan iyaka a Sierra Blanca idan kun biyo ta El Paso a dawowa. Ni jirgi nake ba ki shawara, da fasfo da takardun zamanki a jaka. Ki nemi wuri ta shafin AbortionFinder ko layin National Abortion Federation, ki kula da wasu cibiyoyi masu kama da asibiti da ke tallar hoto kyauta, ba sa yin aikin, kwanaki kawai za su cinye miki. Tun a wayar farko ki faɗi sati nawa ne, sunan lalurar, aiki biyu, da inda mabiyiya take. Da wannan za su san ko ƙaramin asibiti ya isa ko sai babba mai ajiyar jini. Ki karɓi kwafin fayil ɗinki, haƙƙinki ne a dokar tarayya: rahoton hoto, rukunin jini, yawan jini, da bayanan aikin baya.

Hanya biyu ce a wannan matakin. Ta farko ita ake kira D&E. Ana fara tausasa bakin mahaifa, ko da ƙwaya na 'yan awoyi, ko da wasu siraran sanduna kamar tsinken ashana da ke tsotsar ruwa su kumbura cikin dare. Sannan a sa ki barci a kwashe, yawanci bai kai rabin awa ba. A sati 14 ko 15 sau da yawa yini ɗaya ne, idan aka ƙara gaba sai ya zama kwana biyu. Gaskiyar da ya kamata ki sani ita ce ta wannan hanya jikin jaririn ba ya fitowa a haɗe. Ta biyu ita ce a tayar miki da naƙuda a asibiti, a ba ki mifepristone miligiram 200, bayan kwana ɗaya ko biyu a fara misoprostol duk awa uku ana sa ido a kan tabonki. Ta fi ɗaukar lokaci, ta fi zafi, wani lokaci sai an bi da wankin mahaifa, amma za ki iya ganinsa ki riƙe shi. Kowace kika zaɓa, ki faɗa tun farko cewa kuna so a ba ku shi ku binne. Wanda bai kai wata huɗu ba ana naɗe shi a ƙyalle mai tsarki a binne, babu salla, kuma yin hakan ta hannun masallacin garin ya fi sauƙi a kan ɗauko shi zuwa Texas.

Kuɗi kuwa, dokar Texas ta 2017 ta hana inshora ta gama-gari biyan wannan aiki sai na gaggawa, amma ki duba ta wurin aikin maigidanki, wasu manyan kamfanoni tsarinsu daban ne. Farashi yana hawa da kowane sati, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai. Akwai ƙungiyoyin tallafi: Lilith Fund tana taimakawa da kuɗin aiki, Fund Texas Choice da Brigid Alliance da tikiti da masauki. Ki ware kwana uku, ki samu wadda za ta zauna da yara, kuma lallai wani babba ya raka ki.

Bayan an gama, idan rukunin jininki mai alamar ragi ne, wato negative, a yi miki allurar anti-D cikin awa 72 don kare cikin gaba. Jini zai riƙa zuwa kamar sati biyu yana raguwa. Idan kina jiƙa manyan auduga biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere, ko zazzaɓi, ko wari, ko ciwon mara da ke ƙaruwa, asibiti mafi kusa za ki nufa, ko da kin dawo Houston, kula da ke a wannan hali halal ne a doka. Nono yana iya kawo ruwa, abin da ke karya zuciyar mata da yawa don ba a gaya musu ba. Ki tambayi ƙwayar cabergoline mai tsayar da ruwan nono tun kafin a sallame ki. Wani cikin yana iya shiga cikin sati biyu zuwa uku, don haka ku yi maganar tazara. Yiwuwar a sake samun irin wannan lalura kashi biyu zuwa uku ne cikin ɗari, kuma bitamin folik asid miligiram 4 kullum, ninki goma na abin da aka saba ba masu ciki, yana rage ta da kusan kashi 70. Ana farawa aƙalla wata ɗaya kafin neman ciki har ƙarshen sati 12, likita ne zai rubuta miki shi, kada ki ninka ƙwayoyin bitamin na masu ciki don ki kai adadin. A duba miki suga, a kuma duba ko kina shan maganin farfaɗiya irin valproate.

Abin da nake jiye miki shi ne sati biyar ɗin nan su tafi a kuka da jiran wani ya sauko, ki wayi gari kalanda ta yanke miki hukuncin da ba ke kika yanke ba. Don haka gobe da safe ki yi waya biyu: ɗaya wurin MFM, ɗaya ki kama rana a Albuquerque ko Denver ta jihar Colorado kamar kwana goma masu zuwa, ki gaya wa maigidanki kin yi. Kama rana ba yanke shawara ba ce, idan kun zauna da likita da malami, kun yi istihara, zuciyarku ta natsu a kan riƙe cikin, da waya ɗaya za ki soke. Hajiya kuma, ki bari sai kun samu rahoto na biyu sannan ki kira ta, ki karanta mata abin da aka rubuta a hankali, ki roƙe ta addu'a.